HRV ɗin agogon gudu, gaskiya ne ko cin kuɗinmu ake yi?

Baban Sadik: Salamu alaikum ƴan guruf. Ni fa na gaji da agogon nan wallahi. Tunda zafin nan ya shigo kullum na tashi da asuba sai in tarar HRV ɗina, wato awon bambancin tazarar da ke tsakanin bugun zuciya, yayi ja, wai jikina bai murmure ba in huta. Jiya na ƙi jin maganarsa na fita daga Unguwar Rimi na zaga ta Murtala Square na dawo, na daɗe ban ji ƙafata ta saki irin jiya ba, amma maimakon ya yaba min sai ya rubuta wai tirenin ɗina baya ƙara min komai. Ran Talata kuwa da aka ɗauke wuta na kwana ina juyi ga sauro ga zufa, da safe kai na sara min, shi kuma cewa yayi na shirya tsaf in je in yi gudu mai wuta. Ni dai na yanke hukunci, HRV ɗin nan yaudara ce, lamba ce aka ƙirƙiro don a tsawwala mana kuɗin agogo. Wanda bai yarda ba ga fili ga mai doki.

Abba Rigasa: Hhhh Yaya ka faɗi abinda ke raina. Nawa har cewa yayi in huta kwana uku bayan ƙwallon yamma a layinmu

Koci Ɗanladi: Ni tun farko na faɗa muku. Lokacin da muke tasowa a Ahmadu Bello Stadium waye yake da agogo? Da safe kafin ka sauko daga gado ka ɗora yatsu biyu a wuya ka ƙirga minti ɗaya, in ya haura yadda ka saba sosai to ka sassauta ranar, shikenan. Yanzu yaro zai zo min fili yace Koci yau bazan yi ba agogo ya hana. To agogon ne zai wakilce ka ranar tsere?

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam. Baban Sadik kayi haƙuri amma a nan ka haɗa abu biyu ka yi musu bulala ɗaya. HRV ba kamfanin agogo ne suka ƙirƙiro shi ba, tun kafin a san agogon gudu likitocin zuciya suke aunawa da ECG, na'urar gwajin bugun zuciya ta asibiti, har a 1996 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka fitar da ƙa'idar yadda za a riƙa auna shi. Zuciyar da take bugawa sau 60 a minti ba wai duk sakan ɗaya cif take bugawa ba, wani tsakanin milisakan 950 ne, na gaba 1040, in ka ja numfashi ta ɗan ƙara sauri in ka sake ta lafa. Wannan bambancin shine ake aunawa. In jiki yana cikin natsuwa bambancin yana da yawa, in yana fama da gajiya ko zazzaɓi ko damuwa ko ƙarancin ruwa sai ya ragu. Wannan kam ba jayayya a kai. Inda zan bi bayanka shine shawarar da agogon yake ginawa a kan lambar, ita ce hasashe.

Baban Sadik: Toh Dakta in awon gaskiya ne me yasa na matata yake kai 70 nawa ko 40 baya kaiwa, kuma nine mai gudu ita ko ƙofar gida bata zagawa?

Maman Ihsan: Kai Baban Sadik, zan tura mata wannan 😂

Dakta Hauwa: Ba a gwada na wani da na wani. Yana raguwa da shekaru, kuma akwai gado a ciki, mutum biyu masu lafiya lau ɗaya zai iya ninka ɗaya. Kai da kanka ake gwada ka. Kuma yawansa ba kullum ne alheri ba, mai bugun zuciyar da ya rikice lambarsa tana iya tashi sama sosai alhali ciwo ne.

Injiniya Bash: Bari in sa baki ta ɓangaren na'ura. Ban san wane iri kowa yake ɗaurawa ba amma ko lissafin ma ba ɗaya bane, Apple Watch yana nuna wanda ake kira SDNN, su Garmin da Whoop da Oura kuma wani lissafin daban mai suna RMSSD suke amfani dashi, don haka masu turo sikirinshot a nan suna gasa ku daina. Garmin misali sai ka kwana da agogon wajen sati uku kafin ya san ma'auninka, daga nan yake ɗaukar matsakaicin kwana 7 ya gwada da shi. Lissafin nasu na kamfanin Firstbeat ne na ƙasar Finland, Garmin suka saye shi a 2020. To ku duba, wanda ya sayi agogo a Disamba ko Janairu cikin sanyin hunturu yana bacci da bargo, jikin da agogon ya fara sani kenan. Maris da Afrilu suka zo, rana tana dosar digiri 40 a Kaduna, ɗaki ya ɗau zafi ba wuta, bugun zuciyarka na dare ya hau HRV ya sauka. Agogon bai yi ƙarya ba, amma bai san dalili ba, sai ya ɗora laifin a kan gudun da kayi. Ma'aunin yana biyo ka a hankali amma kafin ya kamo ka ya gama ɓata maka rai.

Abba Rigasa: Ai shine, ba don mu aka yi shi ba. Ni naji ma koren hasken nan na bayan agogo baya karanta baƙar fata da kyau

Injiniya Bash: Hasken yana shiga fata ne jini ya shanye wani, sensa ta karanta wanda ya dawo, kuma eh baƙar fata tana shan koren haske fiye da fara. Amma da jami'ar Duke a Amurka suka gwada agoguna a 2020 a kan mutum 53 masu launin fata daban daban basu ga bambanci na a zo a gani ba ta wajen launi, motsi ne yafi kawo kuskure. Mutum 53 dai ba yawa bane, wasu masanan sun soki binciken a kan haka.

Dakta Hauwa: Wanda ya tabbata shine na ɗan abun nan da muke maƙalawa a yatsa a asibiti don auna iskar oksijin, shi kam binciken jami'ar Michigan na 2020 ya nuna yafi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙaƙe. Amma wani awon ne daban, kar a cakuɗa.

Baban Sadik: Duk naji, amma ba wanda ya amsa min na ran Talata. Ban yi bacci ba yace in je in yi gudu mai wuta. Wannan wane irin likita ne?

Injiniya Bash: Wataƙila kana kwance shiru ido biyu ya ɗauka bacci kake, da motsi da bugun zuciya yake gane bacci ba ido gare shi ba. In kuma madaurin yayi sako-sako ko ka danne hannun a ƙarƙashin filo to karatun daren ya tashi aiki.

Alhaji Kawo: Ni tambayata ɗaya ga Injiniya. Mu da muke raba dare, ka tashi nafila ka ɗan koma, ka tashi asuba ka je masallaci ka dawo ka ƙara kwanciya, ga azumi da sahur ƙarfe huɗu da tahajjud a goman ƙarshe. Nawa duk watan azumi bai taɓa nuna min kore ba, kullum faɗa yake min kamar uwar miji. Shin an sa irinmu a lissafin?

Injiniya Bash: Alhaji ranka ya daɗe, agogon yafi gane mai bacci a dunƙule, gaskiya ce. Cin abinci mai nauyi dab da kwanciya ma kaɗai yana saukar da shi, balle wanda ya sha ruwa da ƙosai da kunu ya dawo daga tarawihi ya bi da tuwo, ya kora da shayi mai kauri ƙarfe sha ɗaya. Zuciya aiki take har tsakar dare.

Maman Ihsan: Ni kuma bazan zage shi ba gaskiya. Damunar bara HRV ɗina ya faɗi, bugun zuciya na dare ya hau, ni kuwa garau nake jin kaina har ina masa tsaki, kafin jibi zazzaɓi ya kwantar dani, aka gwada maleriya ce. Yanzu in naga su biyun sun canza tare ina sassautawa. Sannan ku maza baku sani ba, namu yana sauka da kansa a kwanakin kafin al'ada, duk wata sai yace min na gaji, shi wannan na daina kula shi.

Koci Ɗanladi: Hajiya ai yatsu biyun nan nawa ma da sun gaya miki, kuma kyauta

Maman Ihsan: Koci ni da nake tashi da yara uku da shirin makaranta yaushe zan kwanta ina ƙirga wuya? 😅

Dakta Hauwa: Koci ba a banza ake maganar ba fa. A Finland a 2007 an gwada maza 26 na sati 4, waɗanda ake canza musu tirenin bisa HRV ɗin safiya sun fi masu bin jadawali ƙaruwar gudu. Amma ƙaramin bincike ne, kuma da safe suke aunawa a natse a lokaci ɗaya kullum. Baban Sadik in kana son raba gardama ka ari bel ɗin ƙirji irin Polar H10, shi wutar zuciya yake karantawa kai tsaye, ka auna duk safiya bayan ka dawo masallaci kafin shayi na sati biyu ka gwada da na agogon. In kuma ja ɗin ya ɗore tare da haki ko jiri ko ciwon ƙirji to ka bar guruf ka je a duba ka.

Baban Sadik: Wato bayan kuɗin agogo in ƙara neman wata na'urar da zata duba min ko agogon yana da gaskiya. Kun ga abinda nake faɗa ko

Injiniya Bash: Ina da bel ɗin, aro zan baka ba saye ba. Kuma ka shiga saitin ka kashe shawarar tirenin ta kullum, ka bar lambar kawai.

Koci Ɗanladi: Ya kashe duka ma. Baban Sadik kace kana son kilomita 21 irin na Kaduna Marathon da aka yi a 2020, to ni zan rubuta maka jadawali, ranar da kaji jiki ba daɗi ka kira ni mu canza.

Baban Sadik: Koci kai ma ai ranar da nace maka gwiwa na min ciwo cewa kayi lalaci ne

Abba Rigasa: 😂😂😂

Koci Ɗanladi: Kuma lalacin ne. Asabar ƙarfe shida a ƙofar sitadiyam, kowa ya zo da ruwansa, zafin nan ba wasa. Bash kar ka manta bel ɗin.