Neman shawara: jirgina na fayiba yana shan ruwa, na rasa ta ina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina fito da jirgin fayiba a Yauri, na hannu na saya, injin Yamaha 40 ne a bayansa. Tun ƙarshen damina yake yoyo. Kullum da safe sai na kwashe bokiti uku kafin in ɗauki fasinja. Na duba ban ga tsaga ba. Na shafa kwalta inda nake zargi, kwana biyu ta ɓare. Rayukan mutane nake ɗauka, hankalina ba a kwance yake ba. Don Allah a taimaka.

Wani masunci: Wa alaikumus salam. Tsane cikinsa ƙarƙaf, ka barbaɗa hoda, ka mayar da shi ruwa. Inda ruwan ke shigowa zai ja layi a kan hodar, sai ka bi layin.

Mai gyaran jirgi: Malam, fara da bangon baya inda ake ɗaura inji. Yawanci katako ne aka lulluɓe da fayiba, ruwa kan bi ramukan kusoshi ya ruɓar da shi. Ɗaga ƙafar injin ka girgiza, in bangon ya motsa to nan ne. Ƙwanƙwasa da gindin sukundireba: wuri mai lafiya ƙas-ƙas yake, ruɓaɓɓe kuwa dum-dum.

Kwaltar nan kankare ta tas, rezin, wato ruwan gam ɗin da ake aikin fayiba da shi, ba ya kama ta. Goge da samfefa mai kaushi, ka faɗaɗa gefen wurin da ya lalace a karkace, ka wanke da asiton (sinadarin wanke maiƙo). Bar shi ya bushe sosai, hunturun nan ma taimako ne. Sai ka jera mat, wato ƙyallen fayiba, falle uku ko huɗu, kowanne ya jiƙu da rezin, kana danne kumfa. Hadina, wato maganin da ke sa rezin ya daskare, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ya isa in rezin na poliyesta ne, in ya yi yawa sai ya yi zafi ya tsage. Ifoksi, wani nau'in rezin ne daban, ya fi kama tsohon jirgi, sai dai tsada. Rufe hanci in kana guga.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na girgiza, bangon yana motsi, ruwa ja-ja na fita ta kusoshin ƙasa. In liƙe daga waje?

Mai gyaran jirgi: A'a, ɗan uwa. Sauke injin, a yanke daga ciki a sauya katakon. Kada ka ɗauki kowa sai an gama.