Neman kalmar Hausa: me za mu kira "endosymbiont"?

Malamin tsutsotsi, Jos: Jama'a, ana shirya bayani da Hausa don ma'aikatan lafiya na ƙauyukan Filato kan tundurmi da makantar rafi, an maƙale a kalma ɗaya. Tsutsotsin da ke haddasa su, Wuchereria bancrofti da Onchocerca volvulus, suna ɗauke da bakteriya mai suna Wolbachia a cikin ƙwayoyin jikinsu, kuma uwa ce ke gadar wa 'ya'yanta ta cikin ƙwai. Tsutsar ba ta iya haɗa hem da kanta, wato sinadarin nan mai ƙarfe irin na jan jini, haka ma bitamin B2. Bakteriyar kuwa tana da kayan haɗa hem ɗin. Ita ma tana samun masauki da abinci a wurin tsutsar. Me za mu kira irin wannan mazaunin?

Mai haɗa magani: Malam, me zai hana "kaucin ciki"? Kowa ya san kauci a kan bishiya.

Malama ta ɗakin gwaji: Kauci ci yake yi bai ba da komai ba, in ka sare shi bishiya daɗi za ta ji. Nan kuwa in aka kashe bakteriyar, macen tsutsa ta daina haihuwa, daga baya ta mutu. A bar kauci ga ita tsutsar, ita ce ke cin mutum. "Ƙwayar cuta" ma ba ta zauna ba, don a wurin tsutsa ba cuta ba ce, ko da yake tana da hannu a kumburin idon da ke kai mutum ga makanta.

Mai haɗa magani: Gaskiyarki, Malama. Amma kalmar ta nuna dogaro, don can maganin yake. A makantar rafi, maganin Mectizan 'ya'yan tsutsa yake kashewa, ya bar iyayen a ƙululun fata, su kuwa sukan kai shekara 10 zuwa 15. Doksisaikilin bakteriyar yake bi, miligiram 200 kullum, mako 4 zuwa 6, iyayen su riƙa mutuwa a hankali har wajen shekara 2. Inda ake ɓata aiki shi ne yanke shan magani a mako na biyu, sai sauran bakteriyar su sake yaɗo. Madara da ƙwayar ƙarin jini suna rage shigarsa jiki, a raba lokacinsu. A sha da ruwa kofi guda, kada a kwanta nan take, yana ƙona maƙogwaro. Ba a ba mai ciki ko yaro ƙasa da shekara 8.

Malamin tsutsotsi, Jos: To "ɗan haya" fa?

Malama ta ɗakin gwaji: Ɗan haya in ya tashi gida ba ya rushewa, Malam. Ni dai "ƙwayar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka" nake gani, a taƙaice "ƙwayar cuɗe-ni". Tsohuwa a Langtang ko Shendam za ta gane da jin farko. Tana ma taimakawa wajen bayanin tsutsar ido, Loa loa: ita ba ta da ƙwayar cuɗe-ni, shi ya sa doksisaikilin bai taɓa ta.

Malamin tsutsotsi, Jos: Na karɓa. Za a rubuta "ƙwayar cuɗe-ni ta cikin tsutsa" a ambaton farko, daga nan a taƙaita. Saura "metabolism". Kada a ce narkar da abinci, wannan aikin hanji ne kawai. "Sarrafa abinci a ƙwayar jiki" nake da shi, mai gyara ya kawo.