Abin da aka tattauna kan kiwon Asil da Shamo

Jama'a, tunda maganar da masu kiwo suka yi kan kiwon Asil da Shamo, wato wasu irin kaji guda biyu, ta yi tsawo, ga abin da na tattara.

1. Kowa ya yarda kada a haɗa zakaru biyu a akurki ɗaya. Asil, wadda asalinta Indiya da Pakistan ne, faɗa a jininta yake. 'Yan tsakinta ma tun suna ƙanana suke fara sarar juna, har ta kai ga rauni. Da an ga alama a raba su. Wasu sun ce ko kajin mata ba a barinsu ba ido.

2. Mai neman ƙwai ya nemi wata kaza. Waɗannan ƙwansu kaɗan ne, girmansu kuma a hankali. Amma Asil uwa ce ta gari, tana kwanci kwana 21 ba gajiya, tana kare 'ya'yanta.

3. Gashinsu gajere ne, manne da jiki. Zafi ba ya damunsu sosai, sanyin hunturu ne abin tsoro. Shamo ta Japan doguwa ce mai nauyi, sandar kwananta ta zama ƙasa-ƙasa saboda ƙafa.

4. Rigakafin cututtukan kaji na Newcastle da Gumboro, babu wanda ya yi gardama a kan yin sa.

Inda aka rabu: wasu na ba tsaki abinci mai gina jiki da yawa, wasu na cewa saurin girman da hakan ke jawowa kan lanƙwasa musu ƙafa. Sai batun barbara da kajin Hausa. Wasu na son ƙarin nama, wasu na tsoron ɓata iri. Ni ina bayan masu ware iri mai tsabta gefe guda.

Masu yawa sun nanata cewa ba don haɗa su faɗa ake kiwonsu ba.