Na maƙale a hanyar shiga aikin binciken halayyar mutane don kare namun daji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ilimin dabbobi na karanta a jami'a, amma shekara biyu na aikin sa-kai sun nuna mini cewa ceton giwa yana hannun mai sayen haurenta. Tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai tsara cinikin namun daji da tsirrai a duniya, Sin ma ta rufe kasuwarta ta cikin gida a ƙarshen 2017, amma har yau ana kashe giwaye. Shi ya sa nake son komawa ɓangaren nazarin halayyar mutane da wayar da kai.

Ga inda na tsaya cik. Sau huɗu ina neman irin wannan aiki, kowane lokaci sai a ce in nuna binciken da na taɓa yi a kan mutane. Sai na gwada da kaina, na yi wa mafarauta tambayoyi kan farautar da doka ta hana. Kowa ya ce bai taɓa ba, kuma ban ga laifinsu ba, wa zai tona wa kansa asiri gaban baƙo? Na karanta cewa akwai dabarar da mai amsa ke jefa ɗan ludo a ɓoye, abin da ya fito shi zai nuna ko ya faɗi gaskiya ko ya ba da amsar da aka ƙayyade, ta yadda ba a gane amsar mutum ɗaya. Lissafin fitar da sakamakon ne ya gagare ni.

Don Allah wanda ke wannan fanni, in koma digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam ne, ko in fara koyon ƙididdiga da manhajar nazarin alƙaluma ta R? Kuma wa ke ba mai bincike mai zaman kansa izinin yi wa mutane irin waɗannan tambayoyi?