Sankarar huhu: ya dace Baba ya shiga gwajin magani?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Sankarar huhun mahaifina ta bazu zuwa ƙashi, kuma likitansa a asibitin koyarwa na Shika ya yi mana bayanin gwajin sababbin magunguna. Shin ba zai cutu ba?

Malama daga Samaru: Allah ya ba Baba lafiya. Ba a saka majinyaci sai an bayyana masa haɗarin ya amince a rubuce, kuma yana iya janyewa duk lokacin da ya so. Irin wannan bincike ne ya samar da maganin gefitinib, wanda ke taimakon masu sankarar huhu da ke da sauyi a wata ƙwayar halitta da ake kira EGFR, saboda haka ku nemi a auna tsokar da aka ɗebo daga sankarar Baba don a ga ko yana da wannan sauyi.

Hajiya daga Sabon Gari: Ɗana, kada ku jinkirta maganin zafi. Mahaifiyata ba ta samu barci ba sai da likita ya rubuta mata mofin.