Wai Psyence Fiction albam ɗin waye, na UNKLE ne ko na baƙin da suka yi waƙa?

Bash_Fagge ya rubuta:

Salam jama'a. Dan Allah masu jin kiɗan Turawa na da ku zo ku warware min wani abu. Jiya da daddare ba wuta ina kwance ina ta yawo a YouTube sai na faɗa kan wani bidiyo, wani mutum yana tafiya a tsakiyar titin da ya bi ta ƙarƙashin ƙasa yana sambatu, motoci na ta bankarsa yana faɗuwa yana tashi, wlh sai da tsigar jikina ta tashi. Muryar kuwa ko a mafarki na san ta Thom Yorke ce na Radiohead, amma sunan da aka rubuta UNKLE ne. Na bi na nemo albam ɗin gaba ɗaya, Psyence Fiction, na ji shi daga farko har ƙarshe sai na ƙara rikicewa, kowace waƙa da mutum daban, nan rap can gita mai ƙara can kuma goge kamar a fim. To su UNKLE ɗin ina muryarsu? Ya za a ce albam naka ne alhali ba ka buɗe baki ka rera komai ba?

Ɗan_Tasha ya amsa:

Hahaha Bash barka da shigowa, kai sai yanzu ka iso. Wancan bidiyon na Rabbit in Your Headlights ne, Jonathan Glazer ya ba da umarni, mutumin da motoci ke bugewa kuma Denis Lavant ne ɗan wasan fim na Faransa.

UNKLE ba ƙungiyar mawaƙa ba ce irin wadda ka sani. Mai abin wani DJ ne ɗan Ingila, James Lavelle, shi ya kafa kamfanin faifai na Mo' Wax a 1992 tun bai cika shekara ashirin ba. Wanda ya zauna ya haɗa kiɗan kuma DJ Shadow ne daga Kalifoniya, wanda ya fitar da Endtroducing a 1996, albam ɗin da kusan duka yanke-yanke ne daga tsofaffin fayafayai, ya ciro ganga nan ya ciro fiyano can ya ɗinke su da na'ura. Sai a watan Agustan 1998 suka saki Psyence Fiction, ya kai na 4 a jerin albam na Birtaniya. Ka tuna a 1997 Radiohead suka fitar da OK Computer, The Verve kuma Urban Hymns, to a ce ka samu Thom Yorke da Richard Ashcroft na The Verve ɗin a faifai ɗaya a wannan lokacin ai ba ƙaramin abu ba ne. Ga Mike D na Beastie Boys, ga Kool G Rap, ga Badly Drawn Boy da a lokacin ko albam bai da shi, har Jason Newsted na Metallica ya kaɗa gita mai kauri a waƙar Mike D ɗin.

Injiniya_Sitidiyo ya amsa:

Ni tambayarka ta min daɗi dan a nan take min ƙaiƙayi. Shekarata tara ina kiɗa a sitidiyo, na kwana ina gyara murya ina ɗora ganga, yaro ya zo ya yi baiti uku a awa ɗaya ya tafi, gobe waƙa ta fita sunansa ne a ko'ina, ni in an yi min kara a ambace ni a ƙarshen waƙa cikin gaisuwa. To su can sun juya abin ne kawai, mai kiɗa ne maigida, mawaƙi baƙo ne an gayyato shi ya yi nasa ya kama gabansa. Kuma in ka saurara da kyau da abin kunne za ka ji hannu ɗaya ne a ƙarƙashin komai, gangar nan mai nauyi mai ƙura-ƙura ta Shadow ba ta canzawa ko wa ke waƙa a sama.

Inda nake da ja shi ne Lavelle. A ganina aikin na Shadow ne, shi Lavelle uban biki ne, shi ya san lambar kowa, shi ya kira, shi ya kawo Futura 2000 mai zanen bango na New York ya zana marfin. Aiki ne ban ce ba aiki ba ne, amma wanda ya dafa daban wanda ya raba katin gayyata daban.

Maman_Nana ta amsa:

Injiniya a nan kam ban bi ka ba. In da Shadow kaɗai aka bari da Endtroducing na biyu za mu samu, kiɗa zalla ba murya. Wa ya ce a ɗauko mawaƙin rock a ɗora shi a kan gangar hip hop a kewaye shi da goge? Je ka sake jin Lonely Soul, kusan minti tara, Ashcroft ya gama waƙarsa amma gogen da Wil Malone ya tsara ya ci gaba da hawa, ni in ina tuƙi ita nake sawa. Kuma ai Shadow ya tafi bayan wannan, UNKLE bai mutu ba, Lavelle ya ci gaba da shi, albam ɗin Never, Never, Land ya fito a 2003, War Stories a 2007 da mawaƙan rock su Josh Homme da Ian Astbury, wannan ma ya fi karkata ga rock sosai gita ta fi yawa.

Amma gaskiya Psyence Fiction ɗin bai zauna daidai ba, akwai waƙoƙin da nake tsallakewa kullum, ta Mike D na ciki, kamar daga wani biki daban ya ɓato hanya ya shigo. Baƙi in sun yi yawa kowa da irin miyar da yake so.

Ɗan_Tasha ya sake amsawa:

Ga abin da zai ƙara muku rigima. Akwai Unreal a albam ɗin, kiɗa ne ba mawaƙi. A 1999 suka ɗora muryar Ian Brown na Stone Roses a kai suka sa mata suna Be There ta shiga goman farko a Birtaniya. Kiɗan dai shi ne, murya kawai aka ƙara sai ga rediyo ta karɓa. Injiniya kar ka yi fushi.

Injiniya_Sitidiyo:

Ai ka ga irinta, abin da nake faɗa kenan, sai an ji murya ake sanin an yi aiki.

Bash_Fagge:

Na gode ƙwarai jama'a. Yanzu na sauke Unreal da Be There zan ji su a jere in ga wacce ta fi shiga ta. Anti Maman Nana War Stories ɗin daga wace waƙa zan fara, data ta ta kusa ƙarewa ba zan iya sauke duka ba.