Kulocin Hilux ya yi laushi, giya na ƙin shiga

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan zaure. Hilux ɗin da nake kai kaya da ita a Jidda, kulocinta ya yi laushi tun jiya. In na taka sai ya nutse ba nauyi, giya ta ɗaya da ribas sai da ƙara suke shiga. In na tattaka shi da sauri yakan ɗan dawo. Jibi ina da lodi zuwa Ɗa'ifa. Ko faifan kuloci ne ya cinye?

Usta Mai Gareji: Wa alaikumus salam. Kada ka bari a sauke maka giyabos tukuna. Faifai in ya cinye, inji ne ke ta ihu mota ba ta ja. Naka kuwa kulocin ne ba ya sakin giya, kuma tunda tattakawa na dawo da shi, ko iska ta shiga layin mai, ko robar famfo ta gaji. Buɗe bonet ka duba ɗan tankin man kuloci kusa da na birki.

Baban Amira: Na duba, Usta. Saura kaɗan a gindi, kuma ya yi baƙi.

Kawu na Makka: To ka cika, a fitar da iska, shi ke nan.

Usta Mai Gareji: Kawu, Allah ya ƙara girma, ba shi ke nan ba. Man nan ba ya ƙonewa kamar na inji, in ya ragu to wani wuri yake zuba. Baban Amira, ka sa tocila ƙarƙashin sitiyari, inda sandar feda ta shiga famfon sama. In wurin ya jiƙe, na sama ne. In a bushe yake, shiga ƙarƙashin mota ka janye robar famfon ƙasa da ke jikin giyabos, ka kuma bi tiyo da yatsa. Ka gode Allah Hilux ce, famfonta na ƙasa a waje yake. Wasu motocin a cikin giyabos yake, sai an sauke.

Baban Amira: Na ƙasan ne, ina janye robar mai ya zubo.

Ɗan Sakkwato: Je tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, za ka samu famfon da araha.

Usta Mai Gareji: Wannan kam ban yarda ba. Ƙofa ko fitila ka saya a tashlih, amma famfon da ya kwana a rana robarsa ta bushe, ba da shi za ka hau dutsen Hada na hanyar Ɗa'ifa da lodi ba. Sayi sabo. Sauya roba kawai na yi ne in cikin silindar sumul yake, ba tsatsa ba ƙarzuwa.

Fitar da iska kuwa mutum biyu ne. Cika tanki. Sa siririn tiyo mai gani-har-hanji a kan ɗan noti na fitar da iska, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai. Na cikin mota ya tattaka a hankali ya danne ya riƙe, kai ka kwance notin kaɗan, mai da kumfa su fita, ka ɗaure, sannan ya ɗaga ƙafa. In ya ɗaga kafin ka ɗaure, iska ta koma. Wani lokaci fedar za ta kwanta a ƙasa, ya jawo ta da hannu. A maimaita har mai ya fito garau ba kumfa, ido kuma na kan tanki, don in ya ƙafe an koma farko.

Kawu na Makka: Wane mai zai zuba? Ina da ragowar gwangwani tun bara.

Usta Mai Gareji: Abin da aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4. Ban da DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Man giya ko na inji kuwa kumbura roba yake. Buɗaɗɗen gwangwani a bar shi, Kawu, man nan shan danshi yake, ka kuma san damshin Jidda. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. Tunda nasa ya yi baƙi, a wanke layin duka. Wanda ya ɗiga a fenti a wanke da ruwa nan take.

Ɗan Sakkwato: Na sauka daga aiki bayan la'asar, zan zo in taka maka. Ka tanadi sifana 8 da 10.

Baban Amira: Allah ya saka da alheri. Usta, in mun gama feda ta ci gaba da nutsewa fa?

Usta Mai Gareji: To na sama ne ke sakin mai ta ciki, ba za ka ga zuba ba. Kawo ta gareji gobe da safe, kada ka ɗau lodin tukuna.